Munduwar Gwaggo da Gishiri Biyu

Duk ilimin da Turawa suka shigo da shi ƙasar Sakkwato bai taɓa fuskantar jarrabawa irin ta wata ranar kasuwar Illela ba, a tsakar gidan gwaggona. Ni ne na wakilce shi, sabon malami ɗan hutu, da 'yar kwalbar ruwa mai cin ƙarfe wadda malaminmu na kimiyya ya sam mini.

Marigayi mijin Gwaggo ya sayo mata munduwa daga Ƙwanni, shekarun da Turawa ke kafa duwatsun iyakar ƙasa, ya ce azurfa ce. Sai ga hannunta yana yin kore. Matan unguwa suka samu abin yi a bakin rijiya: wai jan ƙarfe aka ba ta. Ita ba darajar munduwar ta dame ta ba. Tana so ta san ko mamacin ya yi mata ƙarya.

Na yi mata bayani kamar ina gaban allo. A goga kaɗan, a narkar, a zuba gishiri. Azurfa ba ta iya zama cikin ruwa tare da gishiri, nan take take kwantawa fara fat kamar kindirmo. Jan ƙarfe kuwa zamansa yake yi, ruwan ya yi shuɗi.

"To, Malam, a gani a ƙasa," in ji ta.

Na goga da magagari, na narkar a tambulan, na ɗebi gishiri daga wani ƙoƙo a bakin zaure. Ruwan ya yi ta tafasa, sannan komai ya faɗo tare, kore shar kamar miyar kuka. Fari ko ɗigo ban gani ba. Na fara haɗa kalmomin ta'aziyya.

"Tsaya. Mi ka zuba?"

"Gishiri, Gwaggo."

"Wanga na jaki ne, ɗan nan! Rabinai kanwa. Hakanan Turawan sunka koya maka, ba ka lasawa?"

Littafinmu gishiri ɗaya ya sani. Gwaggo ta san bakwai. Kanwa, ashe, ba ta zaɓe, kowane ƙarfe kwantar da shi take yi. Ta shiga ɗaka ta kwanto farin gishirin beza da take ɓoyo don miyar Sallah. Na sake gogawa, na narkar, na zuba shi. Wannan karon ruwan ya tsaya shuɗi, wani farin gajimare ya taso, ya sauka a hankali ya kwanta.

Ta daɗe tana dubawa. Ba yawa, amma akwai.

"Azurfa ya ce. Bai ce duka ba." Ta mayar da munduwarta, wadda magagari ya ci wuri biyu, ta aika a kira matan su gani kafin tuwo. Ni kuwa aka ƙara mini nama.

Hannunta bai daina yin kore ba har ta rasu.