Wayar da Ta Yi Ta Kuka Cikin Akwati

A shekara ta biyu da damina ta yi mana rowa, ina koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare tsakanin Isa da Tozai. Ruwa ya ɗauke tun gero bai kai ƙugu ba. Aka fita roƙon ruwa har sau biyu, aka zuba wa sama ido har wuya ya ƙage, ƙarshe dai kowa ya saki awakinsa cikin gonarsa su ci abin da ya saura. Rijiyar makaranta ta koma laka. Yara suna zuwa aji leɓe a bushe, wasu ko koko ba su sha ba. A cikin wannan hali ne shugaban makarantarmu ya zauna ya yi dogon nazari, ya gano cewa babbar masifar da ke damun ilimi a gabashin Sakkwato ita ce wayar salula.

Ba shi kaɗai ya gano ba, taimaka masa aka yi. An kira shi bita ta kwana uku a Sakkwato kan yadda za a kare yara daga sharrin waya, ya dawo da hular hana-salla, da jaka mai rubutu, da wani koren akwatin ƙarfe da ɗan kabu-kabu ya ɗauro masa daga tasha. Ya tara mu malamai ya karanta doka: duk wayar da aka kama a hannun ɗalibi za ta shiga akwatin nan, ba za ta fito ba sai ƙarshen zango, kuma makulli a aljihunsa zai zauna. Yana tsakiyar bayanin yadda waya ke raba hankalin mutum biyu sai tasa ta yi ƙara. Ya ɗaga mana hannu, ya yi minti goma yana cinikin buhun dusa da wani mutumin Shinkafi, sannan ya juyo ya tambaye mu inda ya tsaya.

Kada in zalunce shi, akwai abin gyara. 'Yan bayan aji suna satar amsa da waya, kuma hotunan gawarwaki daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka shiga suna yawo daga waya zuwa waya, yaro ɗan shekara goma sha biyu yana kallo yana tauna rogo. Wannan ya dame ni ƙwarai. Amma duk mun san abin da ya fi ƙona wa shugaba rai. Wani shaiɗanin yaro ne ya leƙa ta taga ya ɗauke shi bidiyo da waya yana barci a ofis, baki buɗe, ƙuda na shawagi, abin ya yi yawo har kasuwar Sabon Birni. Ya kai in ya zo wucewa ta tasha 'yan kabu-kabu sai su fara minshari.

Aka kafa kwamitin kula da wayoyi, aka ba ni shugabanci, wai don ni ba na wasa da yara. Gaskiya ce, ina da zafin rai, kuma muƙamin ya yi mini daɗi. Shekarata goma sha ɗaya ina cin alli ba a taɓa ba ni shugabancin ko tsintsiya ba.

Abin da ba mu tsaya muka tambaya ba shi ne me ya sa wayoyin suke zuwa makaranta, alhali mun fi kowa sanin amsar. Shekarun baya an haƙa mana rijiyar burtsatse mai sola da dogon tanki. Injin ya mutu tun ba a je ko'ina ba, amma faifan sola ya rayu, malamin kimiyya ya ja waya daga jikinsa zuwa ɗakin malamai. Ban da haka, a duk yankin babu inda sabis yake kamawa sosai kamar gindin tankin nan. Tankin bai taɓa ba mu ruwan alwala ba, amma ya ba mu sabis. Don haka iyaye suke ba yara wayoyinsu da safe, a roƙi malamin kimiyya caji, a ji ko ɗan da ya tafi cin rani ya kira. Mu kanmu malamai, kafin mu sa hannu a rajista sai mun yi rububin soket.

Na fara farauta. Ina tsayawa bakin ƙofa da safe, a zazzage jaka, a cire hula, malama guda tana duba 'yan mata. Na ji ƙarya iri-iri a satin farko. Kowane yaro kakarsa ba ta da lafiya. Akwai wanda kakarsa ta rasu ranar Litinin, ta sake kwanciya asibiti ranar Laraba. Kafin sati ya zagayo zuciyata ta bushe, ba na ma tsayawa jin bayani.

A sati na biyu malamar ta zaro wata 'yar ƙaramar waya mai madannai daga ƙarƙashin hijabin wata yarinya 'yar aji uku. An ɗaure bayanta da roba, an naɗe ta cikin tsumma. Yarinyar 'yar Fulani ce daga rugar da ke bayan fadama, ita kaɗai ce mace daga rugar da take zuwa makaranta, kuma duk ajin babu wanda ya kama ƙafarta a lissafi. Ba ta da surutu, amma ranar ta biyo ni har baranda.

"Malam, don Allah ka taimake ni. Baffana ya tahi kudu da shanu tun da ruwa yaɗ ɗauke. Ba shi da waya. Ran Alhamis ɗai shi ka shiga kasuwa shi ari ta wani shi kira mu, da hantsi. Rugarmu babu sabis, shi yas sa ni ka zowa da ita nan."

Na ce, "To ku kira shi ku gaya mai an karɓe ta."

"Wa za mu kira, Malam? Kowane sati wayar wani mutum daban ta."

Lissafi nake koyarwa, amma wannan ɗan lissafin ya gagare ni a ranar. Na ce mata doka doka ce, ta wuce aji. Na rubuta lamba a takarda na manna wa wayar, na kai wa shugaba ya jefa cikin akwati. Ya yaba mini, ni kuwa baki har kunne.

Ranar Alhamis, ana tashi tara, muna ɗakin malamai kowa ya duƙufa kan wayarsa, sai muka ji kuka daga ofishin shugaba, wanda bango ɗaya ya raba mu da shi. Ban kashe wayar ba kafin in miƙa ta, kwamiti bai yi tunanin wannan ba. Ƙarfen akwatin ya ƙara mata amo, tana yi tana katsewa tana sakewa. Na ɗaga kai na ga yarinyar tsaye bakin tagar ofis, ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu. A nan na fara shan jinin jikina. Na shiga na ce, "Ranka shi daɗe, a buɗe ta amsa, minti biyu ɗai, a maida."

Shugaba ya gyara zaman hula ya ce, "Ka gani ko? Tana cikin akwati ma ta hana mu sakat, ina ga tana cikin aji? In munka buɗe ma guda, gobe sai mun buɗe ma ɗari. Kai ne fa shugaban kwamiti, Malam."

Ya taɓo inda nake so, na fito ina gyaɗa kai kamar na ji karatu. Na kori yarinyar daga bakin taga, har da tsawa.

Manyan wayoyinmu na zamani kullum kafin azahar sun mutu, amma waccan 'yar tsumma kamar da aljani aka yi batirinta. Alhamis ta biyu ta sake farawa. Shugaba ba ya nan, an sake kiransa Sakkwato ya ba da rahoton nasarar da muka samu, ya kuma tafi da makullin akwati. Wannan karon ba ta tsaya da hantsi ba, ta yi ta yi har aka tashi. Jumma'a ta ci gaba, abin da ba ta taɓa yi ba, maigadi ya ce Asabar ma bai huta ba. A shekarun nan duk mun san abin da mutum yake ɗauka in ya kira gida a yankinmu ba a amsa ba. A satin ma an shiga wani ƙauye ta wajen Gatawa, kuma rediyo ta faɗa, ba tare da ta ce wace ruga ta tsira wace ba ta tsira ba.

Ranar Litinin uwar yarinyar ta zo da ƙafa, ta zauna gindin dogonyaro, ta ƙi shiga ofis. Ni aka tura in yi mata bayani. Na tsaya ina ce mata makulli ya yi tafiya, ta dube ni ta ce, "Malam, kwaɗo na fa, ba dutsi ba." Gaskiyarta. Kwaɗo ne irin na kasuwa, guduma ɗaya ta ishe shi, kuma akwai guduma a ɗakin maigadi. Na je har na ɗauko ta. Sai mataimakin shugaba ya ja ni gefe ya tuna mini cewa akwatin kayan gwamnati ne, kuma wanda ya fasa kayan gwamnati ba a korarsa, canjin wurin aiki ake yi masa zuwa irin ƙauyukan da malamai ke gudowa daga cikinsu. Ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na mayar da gudumar inda na ɗauko ta, na ce wa matar ta yi haƙuri zuwa jibi. Tsoro na ji, babu wani suna da zan sa masa.

Jibi ta yi, shugaba ya dawo da sabuwar jaka da takardar yabo. Na sake roƙonsa, ya ce yanzu ne ma ba za a buɗe ba, tunda an ce masu duba makarantu za su zo su ga akwatin da idonsu. Alhamis ta uku muka kasa kunne, shiru. Batir ya ƙare. Shugaba ya leƙo ɗakin malamai ya ce, "Kun ji ko? Ta gaji don kanta." Wasu suka yi dariya. Masu dubawar kuwa har yau ba su iso ba.

Yarinyar ta ci gaba da zuwa, tana zama a kujerarta ta gaba, amma ta daina ɗaga hannu. In na yi tambaya na dube ta sai ta dubi allo. Na fi son ta zage ni.

Saura kwana kaɗan a yi jarrabawa, wata safiya muka ga wani dogon mutum ya shigo da malfa da sanda, ƙafafunsa duk faso, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito. Yarinyar tana bayansa. Baffanta ne, wato mahaifinta. Da ya yi ta kira ba a ɗauka ba, daga baya ma aka ce masa wayar a kashe take, sai ya yanke cewa an gama da rugarsu. Ba shi da wanda zai bar wa shanu, don haka ya juyo da su arewa, a lokacin da duk mai dabba yake gudu kudu. Sati uku yana kora su ta ƙasar da babu ciyawa babu ruwa. Shanu tara suka kwanta a hanya, ban da 'yan maruƙa. Ya iso ya tarar da matarsa tana daka.

Aka ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna bakin ƙofar ofis. Shugaba ya kira ni a matsayina na shugaban kwamiti, ya buɗe akwati, ya zaro wayar. Kafin ya miƙa sai da ya yi wa mutumin nan lacca kan haɗarin waya ga tarbiyyar yara, tiryan-tiryan yadda aka koya masa a bita, sannan ya kawo takardar alkawari cewa yarinya ba za ta sake zuwa da waya ba. Mutumin ya dangwala yatsa ba musu.

"Ba ta sake kawowa," in ji shi. "Ita ma ba ta sake zowa. Shanun da sunka rage sai an sassabo musu ganye, ni ɗai ba ni iyawa."

Na buɗe baki in ce yarinyar tana da ƙoƙari, a bari ta yi jarrabawa, sai ya juyo ya dube ni. Babu faɗa a fuskarsa, da ma faɗan ya yi da na samu abin riƙewa.

"Kai ne malamin da yak karɓa?"

"Ni ne."

"Da ni ka kira, tana nan cikin wanga akwati?"

"Tana ciki."

"Kuna jin ta?"

"Muna ji."

Ya jinjina kai, ya naɗe wayar cikin tsummanta ya sa aljihu, ya dafa sanda ya miƙe.

"Ni can na ɗauka babu kowa," ya ce. "Nic ce in da akwai mai rai kusa da ita, da ya ɗauka."

Mu goma sha huɗu ne a ɗakin malamai duk ranar Alhamis, kuma ni ne na fi kowa kusa da bangon. Na tsaya a baranda ina kallonsu har suka fita ƙofar makaranta, shi a gaba, ita a baya da jakar littattafanta. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau.