Shirun Inna

Har yau in hanya ta bi da ni Rayfield na hango doguwar katangar makarantar nan, sai in ji raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru.

'Yata ta fari tana da shekara shida a lokacin. Mahaifiyarta ce ta kawo zancen. Ta ce duk faɗin Jos babu makarantar da ake ji da ita kamarta, 'ya'yan kwamishinoni da manyan likitoci ne a ciki. Ni kuwa kayan gyaran mota nake sayarwa a Dilimi, na san irin kallon banzan da ake yi wa mutum a ofis in Turancinsa na ɗingishi. Ban yi musu ba. Yarinya ta zauna jarrabawa ta ci, aka ce saura ganawa da iyaye.

Ranar ganawar, Inna, mahaifiyata, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ita ta reni yarinyar tun daga yaye, a ɗakinta take kwana, a kwanonta take ci, ba ta kiranta da komai sai "ƙawata". Ta ciro atamfarta ta ƙasan akwati, ta dafa ƙwai ta ƙulle a leda wai na malamai. Na ce ta bar ƙwan nan, ta ce ita ba ta zuwa gaban malami hannu rabbana.

Muna zaune a baranda muna jira, da kunnena na ji shugabar makarantar tana yi wa direbanta faɗa da Hausa tatas. Amma muna shiga ofishinta sai Turanci ya tashi. Ta nuna Inna da biro ta tambaya ko mai aikinmu ce. Mai aiki! Na haɗiye na ce mahaifiyata ce. Ta ce yarinyar na da ƙwaƙwalwa, matsalarta ɗaya, da Hausa take tunani. In muna son ta zauna a makarantarsu, dole gida ya taimaka: a daina yi mata Hausa, a kuma rage mata zama da tsohuwa, ko da na shekara biyu ne.

Kun san abin da na yi? Kai na gyaɗa. Har godiya na yi, ni ɗin nan, Inna na gefena tana murmushi don ta ga ana maganar jikarta. Da za mu fita ta ajiye ledar ƙwan a kan tebur da hannu biyu. Matar ko taɓawa ba ta yi ba, ta ce a miƙa wa maigadi.

Na so a bar zancen a can, na manta yarinyar na jin Turancin. Muna cikin Keke Napep, cunkoso ya tsayar da mu a Tina Junction, sai ta juya ta ce, "Inna, matar nan ta ce ki daina yi mini Hausa, wai ke kike ɓata ni." Muna isa gida Inna ta shige ɗakinta.

Washegari da safe ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ka kai ta. In dai bakina ne matsalar, zan kama shi." Na ce haba Inna, ta ce ta gama magana.

Ashe da gaske take. Ta naɗe katifar yarinyar ta kai ɗakin uwarta. Yarinya ta gaishe ta, sai ta gyaɗa kai. Ta roƙi tatsuniya, sai ta nuna mata ƙofa. Matar da in ta fara surutu sai an roƙe ta ta tsaya ta sha ruwa, ita ce ta koma magana da hannu a cikin gidan ɗanta.

Ni da matata muka yi ta ja. Ita tana cewa shekara biyu ce fa kawai, wannan dama ba ta zuwa kullum, kar mu cuci yarinya. Ban ce ƙarya take ba, ni ma ina son 'yata ta wuce inda na tsaya. Amma wace irin makaranta ce wannan da sai ta shigo har tsakar gidanka ta rufe bakin uwarka kafin ta koya wa ɗanka lissafi? Su manyan da 'ya'yansu ke ciki, ba su da iyaye ne?

A rana ta uku ina sa takalmi zan fita shago, yarinyar ta riƙe mini riga. Ta ce, "Baba, ka ce wa Inna ta yi haƙuri, ba zan ƙara ba." Na ce me kika yi? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Uwarta na tsaye a bakin kicin, ta shiga ɗaki ta ɗauko takardar da makarantar ta ba mu ta ɗaukar yarinyar, ta miƙo mini ba tare da ta kalle ni ba.

Na koma Rayfield na ajiye wa shugabar takardarta, na yi mata bayani da Hausa, tunda na san tana ji. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, ita ma da Hausa, "Oga, akwai masu jira da yawa."

Inna ta yi mini faɗa sosai, ta ce na zubar wa yarinya da arziki saboda tsohuwa. Aƙalla dai ta yi magana. Muka sa yarinyar wata makaranta kusa da gida, katifa ta koma ɗakin Inna, karatu kuma yana tafiya daidai gwargwado.

Abin da ban yafe wa shugabar nan ba, ban kuma yafe wa kaina ba, shi ne wannan. Har yanzu in yarinyar na aikin gida ta yi tuntuɓe a kan wata kalmar Turanci, sai Inna ta katse hirarta a tsakiya, ta tattara zanenta ta fita tsakar gida a hankali. Ta yarda laifinta ne.