Masallacin Duwatsu a Tsibirin Karnuka

Mun tashi da asuba daga unguwar Satwa, ni da 'yata da mijinta, ko teloli ba su buɗe shagunansu ba. Ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koyi riƙe biro a ajin manya. Da yawanku kun tambaye ni abin da ya kawo ni Dubai ban da ganin jika, to ga shi.

Bara Allah ya karɓi ran ɗana na fari a haɗarin mota a ƙasar nan, a nan kuma aka binne shi. Direban kamfanin cargo ne, yana kwana a Sonapur inda ma'aikata suke zama. Ana zaman makoki a Kano wata mata ta ce, ina ji, wai duk ranar hutunsa wurin karnuka yake wuni a wani tsibiri, ko yana salla ma, Allah masani. Tun daga ranar, duk sanda na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai maganar nan ta faɗo min, in kasa ƙarasawa. Shi ya sa na ce a kai ni in gani da idona, ko me zan tarar.

Hanyar sumul take, ba rami ko ɗaya. Mun ratsa Sharjah muna kallon motocin masu shiga Dubai aiki sun yi cirko-cirko a ɗaya hannun. A Ajman muka tsaya karin kumallo, aka kawo mana wata gurasar Indiyawa mai maiƙo da ƙwai a ciki, da shayin da suke kira karak. Shayin da daɗi kuma da araha, sai dai kofin, in a gida ka ba baƙo irinsa sai ya ce rowa ta kama ka. Surukina ya ƙaro min wani yana dariya, ya ce, “Mama, ki sha a hankali, amma yalla, mu hanzarta, mai jirgin ruwa ba ya jira.”

Daga nan dogayen benaye suka ƙare, sai yashi da gajerun gidaje har bakin ruwa. Jirgin ƙarami ne, bai kai wanda muka hau a Bur Dubai muka tsallaka kasuwar yadi ba. Tare aka loda mu da buhunan abincin karnuka da jarkokin ruwan sha, don tsibirin ba shi da rijiya. Na ga itatuwa sun tsiro a tsakiyar ruwan gishiri, kore shar, na yi tasbihi. Na riƙe gefen jirgin gam har muka isa.

Kafin mu sauka haushinsu ya tarbe mu. Ni da ban taɓa taɓa kare ba, sai na laɓe a bayan 'yata. Wurin ba wani babba ba ne, rumfuna ne da shingen waya da kwanonin ruwa a jere. Wasu karnukan a wuraren gini aka tsinto su, wasu masu su ne suka bar su a titi da visa ta ƙare. Akwai mai ƙafa uku, akwai makaho, akwai sirara masu dogayen ƙafafu kamar na mafarautan ƙauyenmu.

Wani dattijo ɗan Indiya ne yake kula da su, 'yata ce take yi mana tafinta. Da ya ji ko ni wace ce, sai ya dafa ƙirjinsa ya kira sunan yaron. Na sunkuyar da kai, don ni sunan ɗan fari bai taɓa fita daga bakina ba. Ya ce yaron ne yake ɗauko jarkoki daga jirgi, shi yake wanke wa masu ciwo gyambo. Na saurara, amma ba wannan ya kawo ni ba, kuma na kasa tambaya.

Can da rana ta karkata na ce wa 'yata la'asar ta yi, ta tambayar min inda zan yi salla. Dattijon ya kai mu bayan rumfar ƙarshe. Ga farar jallabiya a cikin leda an rataye a ƙusa, ga buta, ga bokiti cike da yashi mai tsabta. Ya ce in yaron ya gama aiki, da yashin nan yake cuɗa hannu ya wanke, ya tuɓe kayan aiki ya sa jallabiyar. A gaba kuma ga duwatsu an jera an kewaye wuri, da ɗan lungu na liman, sak irin masallacin da mahaifinsa yake yi a bakin gona.

Na tsaya ina kallo. Lungun yana fuskantar inda rana za ta faɗi. Na ce, “Innalillahi, ya ba gabas baya?”

'Yata ta riƙe hannuna ta ce, “Mama, ai mun wuce Makka. A nan alƙibla yamma take. Tun da kika zo haka nake shimfiɗa miki darduma a flat.” A cikin benayen nan ban taɓa sanin ina rana take fitowa ba. Na yi dariya, hawaye na zuba.

Da butarsa na yi alwala na shiga. Karnukan da suke a sake sun biyo mu, ina jin numfashinsu a bayana. Da na sallame na waiga, sai na gan su kwance a wajen duwatsun, ba wanda ya tsallako. Dattijon ya ce yaron ne ya koya musu haka, a hankali, ba da duka ba. Inda na sa goshina kuwa ƙasar ta riga ta lotsa. Goshinsa ne ya lotsa ta. A nan na yi masa addu'ar da na daɗe ban iya ƙarasawa ba.

Dattijon ya ce in tafi da jallabiyar. Na karɓa, amma butar na bar ta, ko Allah zai kawo wani mai salla. Makahon karen ya rako mu har bakin jirgi. Ban taɓa shi ba, ban kuma kore shi ba.

Mun iso Satwa ana kiran magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, ana iya yi wa mutum hukunci daga nesa alhali ko inda ya fuskanta ba a sani ba, har da ni da na haife shi. In na koma Kano ba zan nemi matar nan da magana ba. In kuma ta sake tambaya, zan ce mata yana yi, ni na yi sujada a gurbin tasa.