Ummussalma da Agwagwar Fadama

Duk Haɗeja ba wanda ya taɓa kayar da Ummussalma mai bandar kifi a gardama sai Ja'afaru ɗan ƙanenta, mai aikin gwajin jini a Kano, shi ma sai da agwagwa ta taimake shi.

Ita fa baiwar Allah tana da sana'a ta biyu da ba wanda ya ɗora mata. Da ta ji ƙarambau ya fito wa wani yaro, sai ta tattara yaran unguwa ta kai su ɗakinsa, wai su yi da ƙuruciya su huta. Da Ja'afaru ya zo hutun sallah ya ce akwai allurarsa a birni, kuma ƙwayar cutar ce aka raunana, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ashe abin da take rabawa kyauta suka ɗura a kwalba.

Ya yi ta bayani cewa an daɗe ana kiwon ƙwayar a ɗakin bincike, har halittarta ta sauya a 'yan wurare, ƙarfinta ya karye. Ko a jikinta. Sai ya nuna agwagwarta da ke yawo a tsakar gida.

"Gwaggo, wannan taki da ta fadama duk agwagi ne. Wacce kike kamawa da hannu?"

Matan gidan suka kwashe da dariya. Ta ce yaron da ta yi wa tsarki ba zai koya mata agwagwa ba, ta shige ɗaki.

Da damina ta kai jikarta Mardiyya gidan maƙwabta, inda ƙarambau ya ɓulla. Yarinyar ta yi 'yan ƙuraje, ta warke tana tsalle. Ashe uwarta Adila, matar ɗan Ummussalma, mai cikin wata bakwai, ba ta taɓa yi ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Ciwon ya sauka mata a ƙirji. Kwana shida ta yi a asibiti, ta rasu da cikinta.

Tun daga nan bakin Ummussalma ya dakushe. Ko masu yi wa kifinta tayin wulaƙanci sun daina shan zagi, har suna kewarsa. Mardiyya a ɗakinta ta girma.

Bara ƙarambau ya sake shiga gidan Ummussalma, sai ga maƙwabciyarta 'Yar'azumi da jikoki uku a baya. Ummussalma ta tsaya a bakin zaure ta hana. 'Yar'azumi ta ce Adila kwananta ne ya ƙare, kuma ai ita ta koya musu wannan dabara.

"Ni na koya muku," in ji Ummussalma, "ni kuma na wanke Adila. Wadda ta shirya wa wankan, ta shigo."