Zoben Baba a Cikin Hoto

Ranar wata Juma'a ce bayan la'asar, cikin azumi, shekarar da na shiga aji uku. Mu huɗu ne a rumfar mai hoto da ke bayan tashar Arlit, garinmu na cikin hamada: ni, da Baba, da Inna, da Bitrus mutumin Maraɗi, mai akwatin katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. A bango ya rataye labule mai zanen kogi da itatuwa. Mu yaran garin, da muka saba wasan 'yar gala-gala a kan tsakuwa, a labulen nan muka fara ganin kogi.

Al'adar ma'aikatan ramin ma'adinai irin su Baba ce a lokacin: kafin sallah kowa ya ɗauki hoto, a ba direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kai gida kudu. Tsofaffin can ba su karanta wasiƙa, hoto suke karantawa. Wanda ya yi ƙiba, aiki ya karɓe shi. Wanda nasa bai zo ba, a fara cigiya.

Baba kuwa tari ya kama shi tun sanyin da ya wuce. Ni ke ɗebo ruwa a famfo kafin in tafi makaranta, ni ke wanke gwangwanin da yake tofa kaki a ciki, don haka na san abin da ke fitowa. Bai so mahaifiyarsa, Iya, da ke Damagaram ta sani ba. Ranar nan Inna ta naɗa masa zane a ciki, ta sa masa rigunan aiki biyu ƙarƙashin babbar riga. Bitrus ya shiga cikin ƙyallensa, muryarsa ta fito daga can: "Malam Sani, ɗan cika kumatu da iska. Kada ka yi tari sai na ce." Baba ya ɗora hannuwa a gwiwa ya riƙe numfashi. Bai yi tari ba sai da Bitrus ya fito daga ƙyallen.

Hoto ya fito, kowa ya yaba. "Wannan ai sai a ce kai ke da kamfanin ma'adinan," in ji Bitrus.

Direban ne ya ba mu sauran labarin. Ya ce Iya ta fita da hoton tsakar gida, ta daɗe tana dubawa, ba ta ko kula fuskar ba. Can ta ce, "A ƙaramin yatsa na sa masa zoben ubansa. Me ya kai shi na tsakiya?" Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta.

Yau 'ya'yana na turo mini hotuna ta waya, kowa fes, kowa na murmushi. Nakan buɗe su da yatsu biyu, in wuce fuska, in tsaya a hannu. Ba su san dalili ba.

Kamiyon da ya kai hoton shi ya kawo Iya. Baba ya rasu kafin babbar sallah, tana riƙe da hannun nan.