Rigar Gurgun Kare

A tashar motar Valparaiso, Nibaldo mai shayi yana kallon tsohuwar da ke zuwa duk lokacin sanyi. Bai san sunanta ba. Takalmin maza ne a ƙafarta, ƙila na mijinta da ya rasu, ƙila ma rigunansa take yankawa tana ɗinka wa karnukan tasha. Yau tana durƙushe tana sa wa kowane kare tasa rigar, har saura wata ja mai hannu ɗaya.

"Inna tela," in ji Nibaldo, "kwastomanki gurgu mai ƙafa uku fa, mota ta take shi, ya mutu."

"To."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta zauna a dakali, ta ciro allura da ƙyalle, tana ɗinka wa rigar hannu na biyu.