Wayar Rezo ta Ɗakin Kawu

Kawuna ne ya samo mini aikin. Shi mai fitar wa ƴan kasuwa kaya ne daga duwan, wato kwastan, kuma masu irin aikinsa da yawa ke haya a bene guda kan hanyar gadar kan iyaka, a Gaya. Rezo ɗaya na intanet suke amfani da shi, kullum cikin faɗa. Wani na kallon kokawa a ordinater, wato kwamfuta, takardar wani ta maƙale, direban kamiyo, babbar motar kaya, na tsaye a kansa yana ta bambami.

Na sa suka sayi suwic, akwatin da wayoyin ɗakuna ke haɗuwa a cikinsa, irin wanda ake ba umarni. Na yanka wa kowa kasonsa na rezon, mai kokawa ya daina shanye na mutane. Na yi katanga tsakanin ɗakunan a cikin rezon, don kada wani ya leƙa takardun maƙwabcinsa, abin da wasunsu ba su yafe mini ba har yau. Na ja layi biyu daga waje, in ɗaya ya mutu ɗayan ya ɗauka. Na kuma saita shi ya aiko mini saƙo a salula duk lokacin da wayar rezon wani ɗaki ta fita. Ina jin ƙarar sai in ruga, ko ina tsakiyar cin tuwo. A lokacin ji nake babu kamata a garin.

Sai aka rufe gada.

Da farko mun ce kwana nawa ne. Kamiyoyi suka daina zuwa, kaya suka koma kwale-kwale, inda ba a tambayar takarda irin tamu. Saƙo ya ci gaba da shigowa, amma na daina gudu, don na gane ma'anarsa: wani ne ya tattara ya kulle ɗakinsa. Kason duk wanda ya tafi sai in ƙara wa Kawu. Ƙarshe rezon benen gaba ɗaya ya zama nasa, ga gudu kamar me, ba abin aikawa. Yakan zauna yana jan carbi a gaban allo. Ni kuwa na san muddin yana nan ina da wurin zuwa da safe, kuma tsoro nake ji kada shi ma ya tafi.

Wata Laraba da hantsi salula ta yi ƙara. Na tafi a hankali.

Na tarar da shi a ƙofar bene, an ɗora teburinsa da katifa a kan mota. Zabori zai koma, gonar gero. Shuɗiyar wayar da na ja masa da hannuna tana naɗe a gwiwar hannunsa.

"Ɗana, igiya ta gaza muna," ya ce. "Wagga tana da ƙarhi?"

Na ce tana da ƙarfi, Kawu.

Ya jefa mini bakinta ta saman katifar. Na kama, na ja, na ƙulla.